Kujerar da aka ce tana jirana

A watan Janairun 2022 shugaban kamfaninmu ya kira ni ofishinsa a Kano, ya ce za a buɗe rumbun ajiyar kaya kusa da tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana, kuma ni ake so in je in kafa shi. Wata goma sha takwas zan yi. Da yatsunsa ya riƙa lissafa mini: alawus na zaman waje da dala, kuɗin makarantar yara, in na dawo kuma kujerar shugaban sashen sufuri tawa ce. Na ce, "Yallaɓai, za a ba ni a rubuce?" Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. "Haba, tsakanina da kai har sai da takarda?"

Kunya ta rufe ni. Mutumin nan shi ya ɗauke ni aiki, ya zo sunan ɗana na fari. Na ga in na nace kamar na ƙaryata shi ne. Na yi shiru na karɓi tikiti.

Aikin Tema na yi shi da zuciya ɗaya. Akwai ranakun da nake wuni a tasha ina bin kwantena ɗaya daga wannan teburi zuwa wancan, in koma garin Ashaiman da ke kusa da Tema da dare in ci waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi in kwanta. Sallah biyu na yi ba iyalina.

Na dawo a watan Yulin 2023 na tarar Yallaɓai ya bar kamfanin. Kujerar kuwa wani ke kai. Jami'ar kula da ma'aikata ta buɗe fayil ɗina a gabana, ta juya shafi bayan shafi, ta ce, "Malam, ban ga inda aka rubuta wannan ba." Ba ƙarya ta yi ba. Alawus na wata shida da nake bi kuma aka ce da naira za a biya, a tsohon canji na wajen 460, alhali tun watan Yuni da aka saki naira dala ta haura 700. Da na duba asusun fanshona, babu ko sisi tun ranar da na tafi.

Wani lauya da ɗan'uwana ya haɗa ni da shi ne ya buɗe mini ido. Ya ce sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, amma dokar ta fi kare masu aikin ƙarfi da na akawu. Mai muƙamin gudanarwa irina, takardar kwantiraginsa ce garkuwarsa. Ya ce tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan ƙara, kuma tana da reshe a Kano. Sai ya tambaye ni, "Me kake da shi a hannu?"

Na kwana ina tonon waya. Na samo imel guda daga sashen kuɗi, mai layi uku, da ya faɗi adadin alawus ɗin da dala. Barista ya ce sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a gabatar da irin wannan a kotu. Fansho kuwa ba ya buƙatar alkawarin kowa: dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfani aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kashi 8, a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wasiƙa ɗaya ya rubuta musu, ya ambaci PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, a ciki. Ba mu kai ga kotu ba. Cikin wata biyu suka biya alawus a sabon canji, suka cike fanshon.

Kujerar ce ba ta dawo ba, domin babu ko layi ɗaya a kanta. Ita ta fi yi mini ciwo, don saboda ita na yarda na bar gida. Har yau ban ɗauka Yallaɓai ya yi niyyar cutata ba. Na yarda da gaske yake a ranar. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, da bakin kamfani yake magana, kamfani kuwa abin da ke cikin fayil kawai yake tunawa. Da na bar ofishinsa na tura masa saƙo cewa, "Ranka ya daɗe, ga abin da na fahimta daga zamanmu na yau," ya amsa da "haka ne," da ba wanda ya ji kunya, da kuma Barista ya samu abin riƙewa.

Watan jiya aka zaɓi wani yaro a sashenmu zai tafi Kwatano. Ya zo yana murna yana faɗa mini abin da aka yi masa alkawari. Na jawo masa kujera, muka rubuta saƙon tare: wane kuɗi, a wane canji, wa zai riƙa zuba fansho, wane muƙami zai tarar. Ya ce, "Yaya, ba za su ji haushi ba?" Na ce ya tura kafin ya miƙa musu fasfonsa.