"90 ai 90 ce": abin da aksul ɗin baya ya koya mini

Ranar Asabar da ta wuce na kwashe sifanonina daga garejin da na yi shekara 6 a cikinsa. Mun rabu lafiya da kowa, har Oga mun yi musabaha. Amma akwai maganar da na haɗiye tun bara, kuma tunda yanzu babu mai yanke mini albashi, bari in amayar da ita.

Wata motar ɗaukar kaya aka kawo a canza mata man aksul na baya, wato akwatin giyoyin da ke juya tayoyin baya. Littafinta ya ce a zuba mai mai lamba 80W-90, ajin GL-5. Na kwance notin ƙasa, tsohon mai ya tsiyaye, sai da na shiga sito na tarar GL-5 ɗin da ya rage bai wuce rabin lita ba, shi ma 75W-90 ne. Aksul ɗin kuwa yana shan kusan lita 3. A gefe ga jarkar 80W-90 da muke zuba wa giyabos. Na fito na gaya wa Oga. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Kai, 90 ai 90 ce. Haɗa ka cika, mai mota na jira."

Ina cikin ɗurawa hancina ya ja mini kunne. Man GL-5 yana da warin farar wuta mai hawa kai, duk wanda ya taɓa zuba a rigarsa ya san ko an wanke ba ya fita da wuri. Na jarkar nan warinsa bai kai haka ba. Na yi shiru, na ɗaure noti.

Motar kullum cikin lodi take, har ya fi ƙarfinta. Bayan wata biyu ta dawo tana ƙugi daga baya da zarar an taka totur. Maganin Oga ga kowane ƙugi guda ne: a zuba 85W-140. Aka zuba, ƙarar ta lafa, mai mota ya tafi yana godiya. Ba a yi sati uku ba sai ga ta an jawo. Da muka buɗe, maganaɗisun noti ya cika da garin ƙarfe, haƙoran babbar giya da na finiyon, wato ƙaramar giyar da ke juya ta, duk sun karce kamar an bi su da magagari.

A gaban mai motar Oga ya nuna ni ya ce, "Alhaji, yaron nan ne ya gauraya mai iri biyu, 75 da 80. Na sha gaya musu ba a haɗa mai." Na buɗe baki, ya watso mini harara, sai na ce, "A yi haƙuri, Oga." Wata uku ana cirewa daga albashina.

Kuɗin bai dame ni kamar yadda bayanin ya dame ni ba, don na ji a jikina ba shi ne dalili ba. Na shiga karatu da daddare a waya, ga abin da na gano.

Lambobin nan ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ce ta tsara su, kuma kauri kawai suke aunawa. Lambar da ke gaban W maganar sanyi take yi: mai 75W zai iya gudana har digiri 40 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selshiyos, 80W ya tsaya a 26 ƙasa da sifiri, 85W a 12. Lamba ta biyu kaurin man ne idan ya kai digiri 100. A santistok, wato ma'aunin kaurin mai, 90 yana tsakanin 13.5 zuwa ƙasa da 18.5, mai 140 kuwa daga 24 zuwa ƙasa da 32.5. Ke nan 75W-90 da 80W-90, da zarar aksul ya ɗau zafi, ajinsu ɗaya. Haɗa su ba ya cin haƙorin giya. Ko 90 da 140 ka gauraya, abin da za ka samu mai ne mai kauri tsaka-tsaki. Ba abin so ba ne, amma ya fi a bar aksul da ƙarancin mai nesa ba kusa ba.

Ɓarnar tana cikin ƙananan haruffan da babu mai karantawa. A jikin jarkar giyabos GL-4 aka rubuta. Wannan ma'aunin cibiyar man fetur ta Amurka ne, API, kuma ba ruwansa da kauri, juriyar matsi yake nunawa. A aksul na baya finiyon ba ya zama daidai tsakiyar babbar giya, ƙasa yake sauka kaɗan, saboda haka haƙoran ba birgima kaɗai suke yi ba, gogar juna suke yi da ƙarfi. Idan lodi ya yi nauyi matsin yana kore man daga tsakaninsu, abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe a lokacin shi ne sinadarin farar wuta da fosfuras da ke lulluɓe fuskar haƙori. GL-5 yana ɗauke da kusan ninkin abin da ke cikin GL-4. To mu rabin lita muka zuba na gaske, sauran duk na giyabos, a motar da ba ta san hutu ba.

Ina da nawa laifin, ban musa ba. Ni na riƙe jarkar, rubutun yana gaban idona, hancina ma ya faɗa mini. Tsoron a ce na fiye tambaya ne ya rufe mini baki. Amma wanda ya ba da umarni, sannan ya rufe ƙugi da 140 maimakon a buɗe a duba tun ɓarnar tana ƙarama, shi ma ya san abin da ya yi. Mai kauri ƙara yake dannewa, ba ya mayar da haƙorin da ya cinye, kuma idan ba littafin mota ne ya nema ba saboda jan kaya, sai dai ya ƙara shan fetur.

Sauran ba su da tsawo. Kada a juya kuskuren, a zuba GL-5 a giyabos ɗin da ya nemi GL-4, don zobban tagullar da ke daidaita shigar giya ba sa shiri da shi. Aksul mai kulochi a ciki, wanda ke hana taya ɗaya juyawa a banza, yana da nasa ƙarin sinadarin, in babu sai ya riƙa gurnani a kwana. A fara kwance notin sama na zuba mai kafin na ƙasa na tsiyaye shi, wannan kam sau ɗaya ake koyonsa. Mai da ya koma kalar madara, ruwa ya sha.

Kafin in fita na shiga sito na ƙarshe. Jarkar tana nan inda take. Na ɗauki alƙalamin maka na rubuta a jikinta da manyan baƙi: GIYABOS KAWAI, GL-4. Oga ya shigo ɗaukar wani abu, ya tsaya ya karanta, ya ɗauki abin da ya kawo shi ya fita.