Kuɗin dashe akwai, na ban ruwa fa?

Ni nake rubuta wa ƙungiyarmu takardun neman tallafin dashen itatuwa. Kusan duk fom ɗin da ya zo hannuna yana tambayar itatuwa nawa za mu dasa. Wanda zai tambayi nawa za su rage a tsaye bayan rani uku, sai an tona.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ranar dashe ana ɗaukar hotuna, ga yara da shebur, ga manyan baƙi, rahoto ya yi kyau. Mai jan ruwa a tsakiyar rani kuwa ba wanda yake ɗaukarsa hoto. Ga shi yawancin tallafin na shekara ɗaya ne ko biyu. A rufe lissafi, a miƙa rahoto, alhali dashen bai ma fi ƙarfin bakin akuya ba tukuna. Ranar 11 ga Nuwamban 2019 aka dasa itatuwa miliyan 11 a Turkiyya a yini guda. Bayan 'yan watanni ƙungiyar ma'aikatan gandun daji ta ce kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ta duba sun bushe, don an dasa su ba a kan lokaci ba, ruwan sama kuma ya yi ƙaranci. Gwamnati ta musanta, amma ni dai tun daga nan ba na yi wa adadin ranar dashe tafi.

Ba wai kuɗin ne babu ba. A watan Janairun 2021 an yi wa shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dasa itatuwa da farfaɗo da ƙasa a yankin Sahel, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, alkawarin sama da dala biliyan 14. Sai dai irin wannan kuɗi ta hannun gwamnatoci da manyan bankuna yake bi, kafin ya gangaro ƙasa an sha jira. Wanda ya fi kusa da ƙananan ƙungiyoyi irin tamu shi ne shirin ƙananan tallafi na Asusun Muhalli na Duniya, GEF, da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, take gudanarwa tun 1992. Kai tsaye yake ba ƙungiyoyin al'umma, kuma a da ya yi shekaru iyakarsa dala 50,000 ce ga aiki ɗaya. Sai kuna da rajista da asusun banki, kuma ku nuna taku gudummawar, ko da ta aikin ƙarfi ce. Ku riƙa rubuta wannan aikin ƙarfin a kasafi, shi ma dukiya ne.

Abin da yake burge ni da Wangari Maathai, 'yar fafutukar kare muhalli, ya wuce kyautar Nobel ɗin da ta samu a 2004. Ƙungiyar da ta kafa a Kenya a 1977 tana ba matan karkara ɗan ladan ne a kan dashen da ya rayu. Wannan ƙa'ida kaɗai ta isa ta canza yadda mutum yake kallon ramin da ya haƙa.

Akwai ma aikin da fom ba ya gane shi sam. A yankin Maraɗi, tun 1983, Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostiraliya, ya ja hankalin manoma su bar kututturan da ke gonakinsu su toho, su rage rassan, su bar masu ƙarfi. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 ne suka dawo a hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya. Wanda ya nemi tallafin irin wannan aiki, a gurbin yawan dashe sifiri zai rubuta.

Yanzu in ina haɗa kasafi, nakan rage yawan dashen da gangan. Kuɗin ya koma shinge, da ruwa, da ladan mai kula, da cike gurbin waɗanda suka mutu. Nakan haɗa da takardar yarjejeniyar fili, wadda ta faɗi wa zai ci 'ya'yan itacen da wa zai yi sassabe, don itacen da ba shi da mai shi makamashi ne kawai yake jiran gatari. Wasu 'yan ƙungiyarmu suna ƙorafi cewa ƙaramin adadi zai sa a ba wasu a hana mu, kuma wani lokacin hakan yana faruwa. Duk da haka nakan roƙi mai ba da tallafin, a rubuce, ya riƙe kason ƙarshe na kuɗin sai bayan rani na biyu, ya turo wakilinsa mu ƙirga masu rai tare.