Wasiƙa daga Jamus: na sauke injin kunkuruna da hannuna

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kuna lafiya.

Tun da sanyi ya shigo nan Jamus nake rufe a gareji duk ƙarshen mako, ni da wata tsohuwar Volkswagen ƙirar 1969, irin wadda muka fi sani da kunkuru. Jamusawa kuwa Käfer suke ce mata, wato ƙwaro. Ta daɗe da cika shekara 30 da doka ta gindaya kafin a ba mota lambar tarihi mai harafin H a ƙarshe. An ƙera irinta sama da miliyan 21 kafin ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla ta Meziko a 2003, don haka na san cikinku akwai mai irinta a ajiye an lulluɓe da tamfol, yana jiran ranar da zai taɓa ta. Shi na fi nufa da wannan wasiƙa.

Motar ba ta tsaya mini a hanya ba. Ƙarfinta ne ya riƙa raguwa a hawa, ga ɗigon baƙin mai duk inda ta kwana. Amma abin da ya hana ni barci shi ne bawul ɗin fitar hayaƙi na silinda ta 3. Ƙa'idar wannan inji a bar tazarar milimita 0.15 tsakanin kowane bawul da ƙarfen da ke danna shi, inji na sanyi. Sau uku ina gyara wannan tazara, ina dawowa in tarar ta tsuke. Duk wanda ya san kunkuru ya san ma'anar haka: zafi ne ke miƙar da bawul ɗin, ranar da kan bawul ɗin ya ɓalle ya faɗa kan fistin kuwa, injin ya tashi aiki.

Sauke injin shi ne abin da mutane suka fi tsoro, alhali shi ya fi sauƙi. Yana baya, ba lagireto ba ruwa, iska ke sanyaya shi, kuma wuri huɗu kacal aka ɗaure shi a jikin giyabos. Na cire kan batir da ke ƙarƙashin kujerar baya, na tsiyaye mai, na liƙa wa kowace waya takarda da sunanta, na toshe tiyon fetur, na zare wayar totur da wayoyin hita. Sai na ɗaga bayan motar na zaunar da ita kan ƙafafun ƙarfe. Ina roƙonku da Allah, kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Cikin notuna huɗun da suka ɗaure injin, na ƙasa biyu a fili suke, na sama biyu kuwa suna bayan gidan fanka, da lalube ake kai musu sifana 17, shi ya sa na kira wani maƙwabcina ya kama mini. Muka tallafi injin da jak mai taya, muka ja shi baya a hankali har ya rabu da sandar giyabos da ke shiga cikinsa, sannan muka sauke. Wurin kula ɗaya ne: kada nauyinsa, wanda ya haura kilo 100, ya rataya a kan wannan sanda.

Da na fara kwance rufin kwanon da ke lulluɓe da silindoji ne na ga abin da ya ja na zauna rubuta muku. Tsagogin da iska ke ratsawa duk sun cushe da ƙura da mai, sun daskare kamar kwalta. Robar da ke zagaye ɗakin inji ta tsattsage, ga shi aikinta ke nan, hana zafin salansa hawowa fanka ta sake zuƙa. A ɓangaren hagu kuma, inda silinda ta 3 take, wani ɗan faranti da ake maƙalawa ƙarƙashin silindoji don ya juya iska ta zagaye su, babu shi ko alama. Wani da ya taɓa buɗe injin ya ga ɗan kwano ne, bai kai tafin hannu biyu ba, ya ajiye shi gefe. Dama silinda ta 3 a wahale take tun daga masana'anta, domin a injinan wancan lokaci na'urar sanyaya mai tana tsaye cikin gidan fanka a kan hanyar iskarta, ɗumammiyar iska take samu. Sai a ƙirar 1971 kamfanin ya matsar da na'urar waje. To a haɗa wannan da rashin faranti da tsagaggiyar roba, ina bawul zai kai labari?

Wannan abu ya ɓata mini rai sosai. Mun saba ganin darajar fistin da ringi da kiranshaf, muna raina kwano da roba. A injin da ba ya shan ruwa, kwanon nan shi ne lagiretonsa. Har ƙananan robobin da ke toshe ramin fulogi suna da aiki, don duk iskar da ta zurare ta nan, silinda ce aka hana.

Akwai aikin da ba na gida ba ne, kuma ban ji nauyin amsa haka ba. Kawunan silinda biyu na kai wa masu injin gyaran ƙarfe, suka duba ko akwai tsaga tsakanin mazaunan bawul, suka gyara mazaunan, aka sa sababbin bawul na hayaƙi duka huɗu. Tsohon bawul ɗin hayaƙi ba abin mayarwa ba ne, ko da ido ya ga lafiyarsa ƙalau.

Kafin in yanke shawarar raba cikin injin biyu, sai da na auna wasan kiranshaf gaba da baya da agogon awo. Ana so ya tsaya tsakanin milimita 0.07 da 0.13. Nawa yana ciki, matsin mai ma bai taɓa ba ni matsala ba, sai na bar cikin yadda yake. Wasu za su ce tunda an sauke a buɗe komai a huta. Ni ban ga dalilin tayar da abin da awo ya nuna lafiyarsa ba. Na dai canza robar mai da ke bayan filaiwil, wadda babban notinta mai lamba 36 sai da doguwar sanda ya motsa, kuma da ƙarfin da ya kai Nm 300 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure noti) ake mayar da shi. Na canza robobin bututun sandunan bawul da na na'urar sanyaya mai, inda ɗigon nan yake fitowa.

Wajen haɗawa na fi ɓata lokaci. Farantin nan dole ya shiga kafin a sa bututun sandunan bawul da kan silinda, in an manta sai an sake kwancewa. Notunan kan silinda kuma ba a ɗaure su da ƙarfin damtse. Jikin injin haɗin magnesiyam ne, yana da taushi, in aka wuce ƙima dogayen ƙusoshin sukan tumɓuko daga cikinsa. Sifanar awo na sa, ina bin su a jere a zagaye biyu har Nm 32.

Ranar tayarwa na zuba mai lita 2.5, na cire fulogai, na yi ta juya inji da sitata har fitilar mai ta mutu, sannan na mayar da su. A bugu na biyu ya kama. Na bar shi ya yi ɗumi ina leƙa ƙasa da tocila, ban ga ɗigo ba.

Na yi tafiyar kusan kilomita 500 a hankali, na canza mai, na bar motar ta kwana. Jiya da asuba na kwanta gefen tayar hagu, na buɗe murfin bawul, na zura ma'aunin 0.15 a na hayaƙin silinda ta 3. Ya shige da ɗan ja kaɗan, daidai yadda na bar shi.

Ku huta lafiya, sai wasiƙa ta gaba.

Naku,
ɗan uwanku a Jamus