Ilojo Bar ya tafi, ruwa da siminti na cin sauran

A jajibirin Babbar Sallar 2016, ranar Lahadi 11 ga Satumba, aka rushe Ilojo Bar, tsohon benen da ke kallon Dandalin Tinubu a tsibirin Ikko. An gina shi wajen 1855, aikin ƴan Aguda ne, wato ƴantattun bayin da suka dawo daga Birazil da sana'ar gini a hannunsu. Na iyalin Fernandez ne da farko, daga baya iyalin Olaiya suka saya, kuma tun 1956 yake cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. Takardar sanya shi cikinsu ba ta hana shi lalacewa ba, ba ta kuma tare katafila ba.

Ƴan uwansa na nan, irin su Water House a titin Kakawa da Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, da wasu gidaje a unguwar Campos. Ƴan uwa Hausawa masu shaguna da ƴan canji a Idumota da Broad Street kullum suna wucewa ta gabansu, wasu ma a ƙasan irin waɗannan benaye suke haya. Abin da ke kashe waɗannan gine-gine tun kafin katafila ta zo shi ne ruwa, sai kuma gyaran da aka yi da kyakkyawar niyya ba da sani ba.

Bangonsu jan bulo ne da aka ɗaure da laim, farar ƙasar gini, ba siminti ba. Irin wannan bango yana shan danshi, ya kuma fitar da shi ta shafen. Duk wanda ya ga an yi wa ginin ƙasa filasta da siminti a Kano ko Zariya ya san ƙarshen labarin: waje sumul, ciki na ruɓewa, wata rana shafen ya faɗo da naman bango. A Ikko abin ya fi muni, don ruwan ƙasa yana kusa kuma da gishiri. An yi ta ɗaga tituna har daɓen wasu gidaje ya koma ƙasa da kwata. Danshi ya hau bango kamar mita ɗaya, siminti da fentin mai su toshe masa hanya, gishirin ya daskare a ciki ya mai da bulo gari. In ka ƙwanƙwasa shafe ka ji yana ƙara kamar ganga, ya riga ya rabu da bango.

Gyara daga sama ake fara shi. A toshe yoyon kwano, a share indararo, a ja ruwan ya sauka nesa da gindin gini kafin ruwan Yuni da Yuli. Sai a duba katakon bene, musamman bakinsa da ke cuse cikin bango, nan gara da ruɓa suke farawa. A soka tsinin ƙarfe. In ya nutse, a tokare benen, a yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗai a yi masa ƙari. Itacen da ya tsiro a bango kada a fizge shi, saiwar za ta fito da bulo. A sare shi, a kashe kututturen, a bari ya bushe. Ƙarfen baranda kuma in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya tsaga ginin da ke riƙe da shi, don haka a kankare shi a shafa fentin hana tsatsa.

Shafe shi ne inda magina suka fi gaggawa, kuma nan ne ya fi ba ni takaici. A ɓamɓare simintin da guduma da kurfi, ba da inji ba, a bar bango ya sha iska makonni. Kwaɓin: kwano ɗaya na jiƙaƙƙen laim da ya kwana aƙalla wata uku a ruwa, kwano uku na yashi wankakke. Yashin bakin teku ba ya yi, gishiri zai dawo. Kowane shafi kada ya wuce kaurin santimita ɗaya, a karce shi, a jira ya kama kafin na biyu. Lokacin hunturu a rufe da jiƙaƙƙen buhu, in ya bushe da sauri tsagewa yake yi. Adon filasta na kan tagogi a ɗauki hotonsa da awonsa kafin a taɓa.

Mai son ganin tsohon gini da aka ceto ya je harabar jirgin ƙasa ta Ebute Metta ya ga Jaekel House, ginin 1898, wanda ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara a 2010 ya zama ƙaramin gidan tarihi.