Na ratsa Suez ban gan shi ba

Daga Bahar Maliya muka taso za mu shiga Bahar Rum, ni kuma aikina a ɗakin inji yake, can ƙasan jirgin yaƙin, babu taga ko ɗaya. Diyuti awa 6 hutu awa 6, haka ake ta juyawa, dare da rana duk fitila ɗaya ce, sai ka ga an kunna jar fitila a lunguna sannan ka san dare yayi.

Mashigin Suez kilomita 193 ne, jirgi na tafiya a hankali kamar amarya, yara suka hau sama suna ta ɗaukar hoton rairayi hagu da dama, ni kuwa ina kwance a gado ido biyu, ga gajiya ga bacci yaƙi zuwa, kuma wallahi ko sha'awar tashi ban yi ba. Lokacin na kai sati biyu ban leƙa waje ba. Abinci ba ɗanɗano, abu kaɗan sai faɗa, har na zazzage wani yaro akan sifana da ya ajiye ba a wurinta ba, sifana fa!

Ma'aikacin lafiyarmu ne ya tare ni a wajen cin abinci yace, Oga yaushe rabonka da rana? Na yi dariya, shi bai yi ba. Yace agogon jikin mutum ya ɗan ɗara awa 24, hasken safe ne ke saita shi kullum, shi ke tsayar da sinadarin melatonin mai kawo bacci, fitilar ɗaki kuwa da ƙyar take kai lux 500 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne) alhali waje ko a inuwa ana samun 10,000. Ga bitamin D da fata ke haɗawa da rana. Wai ko sojan ruwan Amurka sai 2014 suka fara cire 'yan jirgin ƙarƙashin ruwa daga kwanan awa 18 zuwa 24, saboda irin wannan rikicin baccin.

Washegari da na sauka diyuti na hau bayan jirgi, idona ya dinga hawaye sai da na kare da hannu, iska mai gishiri tana dukan fuska, minti 20 na tsaya. Kullum na dinga haka. Ba zan ce na warke tashi ɗaya ba, amma kafin mu kai tsibirin Malta bacci ya fara zuwa kan lokaci, na nemo yaron nan na bashi haƙuri. Dutsen Jibraltar kam a tsaye na ganshi da idona, da kofin shayi a hannu.