Tambayar da ta canza yadda nake koyar da Tafkin Titikaka

Na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, kuma duk sanda muka zo kan Kudancin Amurka, abu uku nake rubutawa a allo game da Tafkin Titikaka: yana kan tsaunukan Andes, tsakanin Peru da Bolibiya, yana bisa da mita 3,812 daga gaɓar teku, girmansa kusan murabba'in kilomita 8,300. Yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Rannan wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wurin da sanyin dare ke daskarar da komai, me mutanensa ke ci?" Na ce ta yi mini haƙuri zuwa mako mai zuwa.

Da na zauna karatu sai na ga ashe amsar tana cikin tafkin. Zurfinsa ya kai mita 280, don haka yakan sha zafin rana da yini, ya riƙa sakinsa a hankali da dare, gonakin bakinsa su samu sauƙin sanyi. Manoman dā, tun zamanin daular Tiwanaku, sun gane wannan sirri. Sukan tayar da kunyoyi masu faɗi, su haƙa magudanu a tsakaninsu su cika da ruwa, ɗumin ruwan ya kare shuka har asuba. Ana kiran wannan noma waru waru.

Sanyin ma ba su bar shi ya tafi a banza ba. Ƙabilun yankin, Aymara da Kechuwa, sukan baza dankali a fili ya kwana ya daskare, da rana su tattake shi da ƙafa ruwan ya fita, ya bushe. Sunansa chunyo, kuma yana shekaru a ajiye bai lalace ba. A nan ne na ajiye littafi na yi shiru: dankalin da muke ce wa na Turawa, wanda ake nomawa a Filato, asalinsa daga wannan yanki ne. Sau nawa na ci shi ban taɓa tambayar garinsu ba!

Sai mutanen Uros, waɗanda ba su zauna a bakin ruwan ba, a kansa suka zauna. Da wata ciyawar ruwa mai suna totora suke shimfiɗa tsibirai masu yawo, ta ƙasa tana ruɓewa suna ƙara sabuwa a sama. Da ita suke ɗaki, da ita suke jirgi, farin gindinta kuma su ci. Wanda ya san jiragen ciyawa na Buduma a Tafkin Chadi ba zai ga abin baƙo ba. A tsibirin Takile kuwa maza ne ke saƙar huluna, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama saƙar tsibirin a 2005.

Dabbar da ta fi kama hankalin ɗalibaina ita ce wani babban kwaɗo da ba a samunsa sai a yankin. Fatarsa ta yi masa yawa, ta nannaɗe kamar babbar riga, saboda da ita yake shaƙar iska a cikin ruwa, ba ya buƙatar yawan fitowa. Yanzu yana fuskantar ƙarewa, ga kama shi da ake yi, ga ƙazantar birane irin su Puno da El Alto. Kifayen asali ma sun ragu tun da aka zuba baƙin kifi a tafkin wajajen 1940. Wannan ɓangaren yana ba ni takaici, domin da nufin ƙara wa mutane abinci aka yi shi.

Kogi ɗaya ne ke fita daga tafkin, Desaguwadero, kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na ruwan kawai yake ɗauka. Rana da iska ke shanye sauran. Shi ya sa farin da aka yi a 2023 ya ja ruwan baya sosai, jirage suka zauna a kan taɓo.

Da mako ya zagayo, na shiga aji da dankali ɗaya a aljihu. Na ɗora shi kan tebur, na ce su faɗa mini daga ina ya zo. Muka cinye rabin darasin muna gardama kafin na ɗauki alli. Mita 3,812 sai a ƙarshe na rubuta ta, kuma ɗalibar nan ce ta tashi ta bayyana wa 'yan'uwanta dalilin da ya sa kwaɗon ke da fata haka.