Abin da aikin asibiti ke koyarwa game da mura da danginta

Mafi yawan masu zuwa da mura, atishawa, ƙaiƙayin maƙogwaro da tari, bairos ne ya kama su, kuma antibayotik ba ya yi wa bairos komai. Kowa ya haddace wannan a aji. Wahalar tana wajen tsinto 'yan kaɗan da ke buƙatar fiye da hutu da shan ruwa, kuma ƙirga ce ke fito da su: kwanakin ciwo da yawan numfashi.

Mura kan tsananta a kwana na 2 ko na 3, ta lafa cikin kwana 7 zuwa 10, tari kuma ya ja ƙafa har mako 3. Majina takan yi kauri ta koma rawaya ko kore a tsakiyar wannan lokaci, kuma a nan ne ake yawan rubuta antibayotik a banza, alhali launin daga fararen ƙwayoyin jini yake, ba lallai daga bakteriya ba. Ana zargin bakteriya a kogunan ƙashin fuska ne idan an wuce kwana 10 babu sauƙi, ko zazzaɓi ya kai digiri 39 tare da majina mai mugunya kwana 3 zuwa 4 a jere, ko kuma mutum ya fara warwarewa sai ciwon ya dawo da ƙarfi.

Ciwon maƙogwaro ya fi cancantar a tsaya masa, domin bakteriyar streptococcus idan aka bar ta tana iya jawo zazzaɓin da ke lalata ƙofofin zuciya. Alamu 4 ake dubawa: zazzaɓi sama da digiri 38, farar mugunya a kan tonsil (tsokoki biyu da ke gefen maƙogwaro ta ciki), kaluluwa mai zafi a gaban wuya, da rashin tari. Mai alama 1 ko babu, a bar shi da maganin zafi. Mai 3 ko 4, a goga maƙogwaro a yi gwaji in da hali. Idan ta tabbata, penicillin ko amoxicillin na kwana 10 cif. Ga yaro, amoxicillin miligiram 50 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, kada ya wuce miligiram 1000. Kuskuren da aka fi yi shi ne dakatar da magani a kwana na 3 saboda zafi ya tafi. Matashi mai kasala da kaluluwa har bayan wuya kuwa, a yi hattara, wataƙila mononucleosis ce, wata cuta ta bairos, kuma amoxicillin zai feso masa da ƙuraje.

Idan ciwon kunne ne, sai an leƙa kunnen. Jan dodon kunne kaɗai ba hujja ba ce, kuka ma yana sa shi ja. Kumburinsa ake nema. Yaron da ya haura shekara 2, ciwon bai yi tsanani ba, ana iya jiran awa 48 zuwa 72 da maganin zafi kawai kafin a ba da antibayotik.

Kafin a sallami kowane yaro, a buɗe ƙirjinsa a ƙirga numfashi na minti ɗaya cikakke yana kwance lafiya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: 60 ko fiye ga ɗan ƙasa da wata 2, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa 5. Wanda ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa ke faɗawa idan ya ja iska, ciwon ya gangara huhu. Yaro mai dalalar miyau, mai ƙara idan ya ja numfashi, wanda ya ƙi kwanciya, kada a danna masa harshe da katako. Hanyar iska tana iya rufewa nan take.

Paracetamol miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo, duk awa 4 zuwa 6, ba fiye da sau 4 a rana ba. Babba kada ya wuce giram 4. A tambayi abin da aka sha a gida, don da yawa daga magungunan mura na haɗi suna ɗauke da shi, ninki kuma hanta yake ci. Aspirin ba na yara ba ne, zuma ba ta ɗan ƙasa da shekara 1 ba ce. Maganin fesa hanci mai buɗe toshewa idan ya wuce kwana 5 shi da kansa yake toshe hancin, ruwan gishiri kuwa ba ya haka. Tarin da ya haura mako 2 da gumin dare ko rama, a aika kaki gwajin tarin fuka.